Biron Baban Gareji

Litinin, 8 ga Satumba

Sabon aji a kamfanin sufuri. Ma'aikata goma sha shida, ƙarfe huɗu bayan an tashi aiki, a ɗakin taron da ke jikin sito. Fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama. Aikina in koya musu rubuta rahoto da Turanci, domin yanzu ba a tabbatar wa kowa muƙami sai ya ci jarrabawar rubutu.

A bitar da aka yi mana an ce a daina tsayawa gaban allo ana zuba. A haɗa su biyu-biyu, mai ƙarfi da mai rauni, takarda ɗaya, sunaye biyu. To, an ce a yi, na yi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Akwai wani dattijo, Baban Gareji suke ce masa. Shekara ashirin da bakwai yana ƙarƙashin mota. Shi ke riƙe da garejin tun da shugabansu ya yi ritaya, amma riƙon ƙwarya ne, sai ya ci jarrabawar nan kujerar za ta zama tasa. Yana jin Turanci, yana ma ɗan yi. Rubutun ne dai.

Na haɗa shi da Ɗan Sito, matashi mai tabarau wanda ya fi kowa hannu. Har yaron ya durƙusa wajen gaishe da dattijon. Na ce madalla, an dace.

Litinin, 22 ga Satumba

Gaskiya tsarin nan akwai hutu. Su yi ta surutu, ni ina tebur ina duba takardun makarantar da nake koyarwa da safe. Takarda takwas nake karɓa maimakon sha shida.

Na gaya wa uwargida, ta ce, "Wato an biya ka ka zauna."

Laraba, 24 ga Satumba

Fankar ta tsaya gaba ɗaya.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na miƙa wa manaja sunayen waɗanda suka isa shiga jarrabawar ranar ɗaya ga Nuwamba. Ƙa'idar ita ce, wanda ban sa ba zai jira zagaye na gaba, wata shida, ba abin da zai same shi. Wanda ya shiga ya faɗi kuwa, a ba wani gurbinsa. Suna kuma in ya shiga ba ya fita.

Mutum goma sha ɗaya na sa. Baban Gareji na uku, don takardunsu shi da Ɗan Sito ba su taɓa yin ƙasa da bakwai cikin goma ba. Rahotonsu kan motar da birkinta ya tsinke har na karanta wa aji. Manaja ya tambaye ni, "Malam, ka tabbata da dattijon nan?" Na ce takarda ba ta ƙarya.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ɗan Sito bai zo ba, zazzaɓi. Na ce Baba ya rubuta shi kaɗai. Da na zo karɓar takardu, tasa kwanan wata ne kawai a sama, sai kalma uku da ya soke. Minti arba'in.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Yaron ne bai zo ba."

Na tambaye shi yadda suke yi. Ya yi mini bayani hankali kwance, kamar mai gaya mini inda ake zuba mai. Shi yana faɗa, yaron yana rubutawa. Tun ranar farko da ya ɗauki biro yaron ya ce, "Haba Baba, ina zaune ka wahala? Kawo." Shi kuma ya ga ai ba a gwale yaro mai ladabi.

Mako shida. Taku biyar tsakanin teburina da bencinsu.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na je wajen manaja ko za a cire sunan Baba. Sunayen sun wuce babban ofis tun makon jiya. Ya ce, "Ai na tambaye ka." Haka ne, ya tambaye ni.

Ban ce masa komai ba game da takardun makarantar safe.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ɗan Sito ya dawo. Na ja shi waje na yi masa faɗa fiye da yadda ya kamata. Ya tsaya hannu a baya har na gama, sannan ya ce, "Malam, sa'an mahaifina ne. Ta yaya zan zauna ina kallonsa yana kuskure, in ce masa Baba ba haka ba ne?" Idonsa ya kawo ruwa.

Na duba sauran. Biyu-biyun da aka samu babba da ƙarami, su huɗu, duk haka suke, ƙaramin ke riƙe da biro. Sauran manyan ukun dai sun ɗan iya, kuma biyu ba sa cikin jerin. Baba kaɗai ne a bakin rami.

Waɗanda suka shirya bitar ba su kawo wannan ba. Ni da na san mutanena, ni ma ban kawo ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na raba su. Na haɗa Baba da Goggon Kicin, mai dafa wa ma'aikata abinci. Sa'arsa ce, kuma bakinta ba linzami. Doka: takarda biyu, kowa da bironsa, sai an gama a yi musaya.

Ta dubi tasa ta ce, "Kai, wannan rubutu ne ko kaji suka yi dambe?" Ya ce ita ma miyarta ba ta fi haka ba. Aji ya kwashe da dariya. Ya sake rubutawa. Layi huɗu.

Da tun farko na yi haka. Ba amfani.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Layi tara Baba ya rubuta yau, biyar ana gane su. Jarrabawa na son shafi guda. Goggo tana zuwa gareji lokacin hutun rana da takarda a leda, in ji direbobi, tana tsaye a kansa har ya wanke hannu.

Ya tsare ni a bakin ƙofa: "Malam, kana ganin zan haye?" Na ce a dai yi ƙoƙari. Ya ce, "Tunda kai ka sa sunana, ai ka ga wani abu."

Uwargida ta ce kwana biyu ba na cin abinci sosai. Zafi ne.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An yi. Ya zo da riga mai guga da biro biyu. Ban tsaya ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Sakamako ya fito. Tara sun ci, har da Goggo da Ɗan Sito. Kamfanin ya yaba, za su sabunta mini aiki.

Baba maki talatin da takwas. Ana son hamsin.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

An kawo sabon shugaban gareji daga wani reshe. An ce Baba ne ya koya masa kwance giyar mota shekara goma da suka wuce. Baban ne ya zaga da shi yau, ya miƙa masa makullai, ya koma ƙarƙashin mota.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Sabon rukuni, mutum sha huɗu. Na tambayi kowa shekarunsa kafin in haɗa su, suna ta dariya wai ko aure zan ɗaura.

Ƙarfe huɗu da kwata sai ga Baba. Ba ya cikin jerin, ba kuma jarrabawar da ta rage masa. Ya ce ya fara abu, ba ya son barinsa a buɗe kamar inji. Sun zama sha biyar, ba shi da abokin zama. Na zauna kusa da shi. Bencin ya yi mini ƙasa, gwiwata har yanzu tana ciwo.

Yana cikin rubutu ya ce, "Malam, na ji ka yi wa yaron nan faɗa. Ka yafe masa, ladabi ya yi. Ni ne kaina ya tsufa."

Ban shirya ba. Na ji bakina yana cewa ba kansa ba ne, ba kuma yaron ba ne. Mako shida ina tebur ban taso na duba ba, na sa sunansa ban taɓa ganin rubutun hannunsa ba, da na bar shi zagaye na gaba da yanzu makullan suna aljihunsa.

Ya daɗe yana kallon takardar. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya turo ta gabana ya ce, "To, yanzu duba."

Layi goma sha biyu. Na karanta su duka, har sau biyu.