Farfelar da Aka Bari a Tsaye

Lyon, 6 ga Fabrairu, 1994

Zuwa ga Yaya Sa'ad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ina sanyi, ina gajiyar aiki? Ka gaishe da abokan zamanka na Aubervilliers. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Ka yi haƙuri da shirun da na yi ranar da ka kira tarho. Ka san halina, da na kara abin nan a kunne sai bakina ya mutu. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ɗan jirgin saman Baba ba shi da lafiya. In an tada shi sai ya kama kyarma, tun daga hanci har kujera. Baba yana da yadda yake gwada shi. Yakan zuba shayi a ɗan kofin gilashi, ya ɗora a gaban matuƙi, ya tada inji jirgin yana ƙasa. Da can shayin ko motsi ba ya yi. Ranar Lahadi sai da ya fantsamo mini a zane.

Ya canja buji, wato fulogin inji, ya ƙara ɗaure farfela, duk bai daina ba. Makanisiyen filin jirage, mai gyaran inji, ya ce wataƙila sandar da ke juya farfela ce ta lanƙwashe a cikin inji. In haka ne, kuɗin gyaran ya fi kuɗin da aka sayi jirgin.

Tun da tsoho René, Baturen da suka saya tare, ya bar wa Baba rabonsa ya koma wurin ɗiyarsa, komai a wuyan Baba yake: asiransi, wato inshora, da kuɗin mai, da kuɗin duba na shekara. Bai ce in gaya maka ba. Amma ya yi mini alkawarin in na cika shekara sha biyar bayan Sallar Layya zai hau da ni sama, ga shi yanzu ya daina zancen.

Allah ya nuna mana azumi lafiya.

Ƙanwarka,
Luba

Aubervilliers, 15 ga Fabrairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Takardarki ta iso, kuma na ga bakin da ya mutu a tarho ya tashi a biro.

Bon, ba zan yi miki kwana-kwana ba. A sayar da tsuntsun katakon nan. Direban bas ne Baba, ba minista ba. Jirgi ko yana kwance ci yake yi, kamar doki, sai dai shi ba ya cin dusa. Ni nan daga safe zuwa yamma kwali nake ɗauka a magaza, ɗakin ajiyar kaya, in na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙafafuna ba sa jin maganata. Ba zan zuba wannan gumi a cikin abin da ke zubar da shayi ba.

Bara na faɗa masa haka. Ya ce ai ba da kuɗina ya saya ba. Tun daga nan tsakaninmu sai "ina kwana" da "lafiya lau". Ke ma kin sani.

Patron ɗina, maigidana a wurin aiki, ya san wani da ke sayen tsofaffin jirage don ya cire kayan ciki. Na yi masa magana, ya ce zai iya saukowa Lyon bayan ƙaramar salla. Ki shaida wa Baba a lokacin da kika ga fuskarsa a sake.

Ke kuma kada ki kuskura ki hau abin nan. In sama kike so, zo Paris in kai ki hawa na ashirin, lif ɗin ma kyauta ne in yana aiki.

Ki gaishe da Baba, in ya amsa.

Yayanki,
Sa'ad

Lyon, 24 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Sa'ad,

Sallama da gaisuwa, da fatan azumi yana zuwa maka da sauƙi.

Na faɗa wa Baba zancen mai saye. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in har salla ta wuce bai gano ciwon ba, mutumin ya zo. Daga nan ya ɗauki buta ya fita.

Yaya, kai ba ka nan, bari in gaya maka abin da ba ka gani. Tun rasuwar Inna, Baba ba ya magana a gida. Ya dawo aiki, ya ci, ya kunna rediyo. Ni ma ba gwanar magana ba ce, sai mu zauna kamar baƙi a tasha. Amma ranar Lahadi a fili wani mutum ne daban. Yana kwance ƙarƙashin fiffike yana ba ni labarin lokacin da yake gyaran jiragen feshin fara a Damagaram, yana cewa in miƙo masa wannan, in riƙe wancan. Har dariya yake yi. In aka farke jirgin nan aka kwashe kayan cikinsa, ban san inda za mu riƙa zuwa ba.

Jiya mun koma. Ya sake gwajin shayi, da yake da azumi sai ya zuba wa ciyawa bayan ya gama. Jirgin yana ba ni tausayi. Tun tafiyar René Baba ya fitar da shi daga rumfar jirage saboda kuɗin haya, yana waje ruwa na dukansa. Mun rufe wurin zama da tanti, amma bai kai hanci ba. Ni ke goge farfela. Ta katako ce, kuma Baba kullum a tsaye yake barin ta, kai ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na sauran mutane duk a kwance nake ganin su. Na so in tambaye shi dalili, kunya ta hana. Kan da ke ƙasa har ya dushe, ya yi duhu kamar gindin turmi.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Luba

Aubervilliers, 2 ga Maris

Auta,

Barka da shan ruwa. Na karanta takardarki a metro, na yi dariya har wata tsohuwa ta canja kujera.

Kina son sanin abin da ya sa Baba ke tsayar da farfela? Ni ne. Ba a haife ki ba lokacin. Ina ɗan yaro ya tafi da ni filin Damagaram, na ga farfela a kwance daidai tsawon hannuna, na kama na yi lilo. Ta juya, na sha ƙasa da baki. Haƙorin nan nawa mai gibi da kike tsokanata da shi, can na bar guntunsa. Ranar Baba ya rantse ba zai ƙara barin farfela a kwance ba. Ashe har Faransa ya zo da rantsuwar.

Yanzu saurara. Ni ba makanisiye ba ne, amma a magaza in muka jingine katako a tsaye wurin da ke da laima, bayan wata biyu gindinsa ya fi kansa nauyi. Ruwa ƙasa yake bi. A Damagaram katako ko shekara ya yi a tsaye ba abin da zai sha. Lyon fa? Kin ce tun tafiyar René take waje. In gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, dole ta girgiza in tana juyawa. Peut-être, wataƙila ba haka ba ne. Amma a duba kafin a taɓa inji.

In ni na faɗa, ba zai ji ba. Ke za ki faɗa, da bakinki.

Kuma Auta, ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Uwa ɗaya muke da ita, ta tafi. Duk Lahadi in na ji ƙarar jirgi a sama sai gabana ya faɗi. Wannan tsakaninmu.

Yayanki mai gibi,
Sa'ad

Lyon, 17 ga Maris

Zuwa ga Yaya Sa'ad,

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Na ji daɗin ɗankwalin da ka aiko.

Na daɗe ina ɗauke da maganarka a baki. In na buɗe sai in ce, "Baba, a ƙara kunu?" Ya sha kunu har ya fara kallona. Wata rana muna buɗe baki na runtse ido na faɗa duka a tare, kamar mai biya hadda. Ya ajiye dabino ya tambaye ni wa ya gaya mini. Na ce ni na ga duhun, kai ka san dalilin.

Sai ya ce, "Yaron nan har yau bai rabu da farfela ba."

Ranar Lahadi muka kwance ta, muka kawo gida a bayan motar maƙwabci. Baba ya zura sandar ƙarfe a ramin tsakiyarta, ya ɗora sandar a kan kujeru biyu. Ya daidaita ta a kwance ya saki. A hankali kan nan mai duhu ya sunkuya ƙasa. Ya juya ta ya sake, ya kuma sunkuyawa. Ya ce in gwada da hannuna, nan ma haka. Baba ya zauna a ƙasa yana girgiza kai, ya ce shekara da shekaru yana koya wa yara kada su bar katako a laima, ga shi ya bar nasa don tsoron yaron da ya riga ya yi gemu.

Yanzu tana ɗakina a kwance kan kujerun, nesa da abin ɗumama ɗaki, don Baba ya ce zafi zai tsaga ta. Sai ta bushe a hankali, sannan a kai wa mai gyaran farfela ya duba, ya daidaita, ya shafa sabon mai. Ya ce kada in yi murna tukuna, mai yiwuwa injin ma yana da nasa. Kullum da safe sai na tsallake ta kafin in kai ƙofa.

Saura zancen rumfa. Baba ya yarda jirgin ba zai ƙara damina a waje ba, kuma shi kaɗai ba zai iya haya ba. Malam Ilya, abokin aikinsa da ke koyon tuƙin jirgi, ya daɗe yana roƙon a sayar masa da rabi. Baba yakan ce ba ya tarayya da ɗan koyo. Jiya dai na ji ya kira shi a tarho, sun daɗe.

Me za a ce wa mai sayen naka?

Ƙanwarka,
Luba

Aubervilliers, 25 ga Maris

Auta,

Gaisuwa. Na ce wa mutumin ya nemi wani tsuntsun.

Ga ɗan abin da na samu a cikin ambulan, a kai wa mai gyaran farfela. In Baba ya ce ba ya so, ki ce ba nasa ba ne, na farfela ne, ni da irinta mun san juna tun kafin a haife ki.

Sharaɗina ɗaya: in shayin ya motsa ko kaɗan, ba ke ba hawa.

Yayanki,
Sa'ad

Lyon, 29 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Sa'ad,

Assalamu alaikum. Barka da Sallar Layya.

Farfela ta dawo daga wurin mai gyara, an ɗaura ta. Shayin bai motsa ba. Ni na zuba, ni na ɗora, Malam Ilya shaida ne. Baba ya shanye shi, ya ce in hau in ɗaura bel ɗin kujera.

Na ga koguna biyu inda suka haɗu, kowane da launinsa. Na nemi gidanmu ban gane shi ba. Ni kallo kawai nake yi har muka sauka, amma Baba bai yi shiru ba ko kaɗan.

Da muka tura jirgin cikin rumfar da suka kama haya shi da Malam Ilya, Baba ya kama farfela zai tsayar, sai ya dakata. Ya juya ta ya kwantar. Ya ce in rubuta maka haka, kada in canja ko kalma ɗaya: "Ka zo, tana kwance. In lilon kake so, ga ta nan."

Akwai jirgin ƙasa daga Paris ranar Asabar da safe.

Ƙanwarka,
Luba