Ƙorafi Kan Katunan Marigayiya Rahab

Daga Sulemanu Ɗanjuma,
Reshen Kafur,
Jihar Kaduna.
14 ga Yuli, 1986.

Zuwa ga Alhaji Maiwada Mati,
Shugaban Ƙungiyar Sada Zumunta ta Masu Sauraron Rediyo,
Shiyyar Funtua da Malumfashi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CI GABA DA AIKA KATUNAN GAISUWA DA SUNAN MATATA BAYAN RASUWARTA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina mai gabatar da kukana a gabanka. Shekarata tara a wannan ƙungiya, ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Yau dai tura ta kai bango.

1. Matata Rahab mamba ce kamar ni. Kafin a kwantar da ita asibiti a Malumfashi cikin watan Afrilu, ta cika katuna ashirin da hannunta, duk na gaishe da mahaifiyarta, Inna Tsohuwa, wadda ke zaune a gidana. Ta danƙa su ga sakataren reshenmu, Malam Maitama, bisa tsarin da muke bi na tara katuna wurinsa yana jefa su gidan waya ɗaya bayan ɗaya, don kada mako ya wuce ba a ji Kafur a rediyo ba.

2. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, Ubangiji ya kira Rahab gida. Malam Maitama ya zo ta'aziyya da ƙafarsa, ya zauna a tabarmata, ya yi mana addu'a. Ba zai ce bai sani ba.

3. Duk da haka, tun daga Alhamis 22 ga Mayu, babu makon da ba a karanta a shirin gaishe-gaishe na rediyo ba cewa Rahab Sulemanu tana gaida Innarta, tana cewa ta kwantar da hankalinta, tana samun sauƙi. Har waƙar da take so ake sa mata. Ranka ya daɗe, Inna ta haura tamanin, idonta ya tafi, ba ta ga gawa ba. Mu muka gaya mata, rediyo kuma ya ƙaryata mu. Yanzu ta ce ɓoye mata 'ya muka yi. Ta daina karɓar tuwo daga hannuna, ni da na riƙe ta shekara goma sha ɗaya. Na ɓoye akwatin rediyon, na maƙwabta ya ba ta labari ta kan katanga.

4. Sau biyu na je wa sakatare, ranar 8 da ranar 29 ga Yuni. Da farko ya ce katin da ya shiga jaka ya zama na reshe. Karo na biyu ya fito fili, wai idan ya cire su reshen Mahuta zai wuce mu wajen yawan ambato a wannan zango. Haba! Mun kafa ƙungiya don a gaida dangi na nesa, an mayar da ita gasar wa aka fi kira. Wane irin zumunci ne wannan, da sunan gari ya fi hawayen tsohuwa?

5. Ranar Alhamis 10 ga Yuli aka sake karantawa. Washegari ina gona ina maimai, wato noma na biyu, aka zo aka ce Inna ta fita. Na same ta bakin titin Malumfashi, ruwa ya jiƙe ta sharkaf, da sandarta da ƙullin gyaɗa, wai za ta duba marar lafiya. Da ƙyar ta biyo ni, tana zagina har gida. Tun ranar take tari.

Saboda haka ina roƙon mai girma shugaba, cikin ladabi, ya umarci Malam Maitama ya tsayar da aikawa kafin Alhamis mai zuwa, ya rubuta wa masu shirin su janye duk katin da ya riga ya isa hannunsu, sannan ya zo da kansa ya gaya wa Inna gaskiya, tunda nawa bakin ya daina aiki a wurinta.

Ragowar katunan kuma, don Allah kada a ƙone su, kada a yaga. A dawo mini da su. Ban da sunanta da ta rubuta a bangon littafin waƙoƙin sujada, su kaɗai ne rubutun hannunta da ya rage.

Ina jiran matakinka da dukan biyayya. Allah ya ƙara girma.

Naka mai ladabi,
Sulemanu Ɗanjuma,
mijin marigayiya.