Ƙuda a Fitilar Hagu

Yaya, karanta wannan a zaune kafin ka leƙa motarka.

Jiya Asabar an tashi da iska. Kullum kana ƙorafin tsakuwa na ƙwarzane maka fitilun gaba, shi ne da ka fita na sayo farar ledar nan da ake manna musu, irin wadda na ga mai wankin mota na sawa. Na ce hannu biyu gare shi, ni ma haka.

Ta dama ta kwanta lafiya lau. Ta hagu kuwa, ina cikin mannawa iska ta kawo ƙuda, na rufe da shi ban sani ba. Na ɗauko abin busar da gashin Anti don ledar ta saki, sai ya yi tari ya mutu a hannuna. Da magariba na kunna fitila in gani, inuwar ƙudan ta fito a bango kamar tunkiya mai fiffike. 'Yarka ta ƙwala ihu ta saki kofin shayi.

Kada ka sa reza, na riga na sa, shi ne zanen da za ka gani a gefe. Na tafi ɗauko mai wankin motar ya ɓare ledar. Don Allah kada ka fasa koya mini tuƙi. Anti ba ta sani ba tukuna, kai ne mijinta, ka fi ni iya faɗa mata.

Asarar ke nan: leda ɗaya, abin busar da gashi ɗaya, kofi ɗaya, sai ƙuda ɗaya, shi ma ba laifinsa ba ne.

Ƙaninka