Lambar Wa Za a Sa Farko

Litinin, 3 ga Maris

Inna ta faɗi a banɗaki da safe. Ba ta karye ba, alhamdu lillahi, gwiwa ce ta kumbura. Abin da ya tsaya mini a rai, ta ce ta daɗe tana kira. Ni kuwa ina tsakar gida ina shan shayi, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na ce mata famfo ne a buɗe. A rufe yake.

Na haura saba'in, ita ta haura casa'in. Mu biyu a gida, kowa yana gadin ɗan'uwansa da rabin ido.

Laraba, 5 ga Maris

Auta ta zo, ƙanwata, da fuskar nan tata ta shugabar makaranta wadda ritaya ta kasa gogewa. Ta ce akwai ɗaki a ƙasa a gidanta babu kowa ciki, ga jikoki cike da gida, Inna ta koma can. Inna ta juya wa bango fuska. "A ɗakin nan na yaye ki, daga nan za a fitar da ni."

Ni na kawo maganar na'urar nan da tsofaffi ke ratayawa, in an danna ta kira waya. Na ce in an saya, zance ya ƙare. Auta ta ce, "To, Yaya, mu gani." Da ƙarfi ta faɗa. Kwanan nan mutane ko su yi mini ihu ko su yi raɗa, masu magana tsaka-tsaki sun ƙare a duniya.

Asabar, 8 ga Maris

Na je shago. Mai shagon ya jera mini iri-iri a kan gilashi. Akwai ta ɗaurawa kamar agogo, amma hannun Inna bai fi kaurin cokali ba, zamewa za ta yi. Akwai ta aljihu, Inna ba ta taɓa mallakar aljihu ba. Na zaɓi ta wuya, maɓalli ɗaya jal, ruwa ba ya ɓata ta. Ya nuna mini taswira a wayata, ya ce duk inda ta sa ƙafa zan ga ɗigo yana tafiya. Na ce ɗigon nan zaman kashe wando zai yi, Inna ta manta kamannin bakin titi.

Sai ya ce, "Lambar wa za a sa farko, Baba?" Wai ta farko take kira, in ba a ɗauka ba ta wuce ta biyu. Na ce tawa, sannan ta Auta.

Ya ce bari mu gwada. Ya danna. Na tsaya ina kallon bakinsa ina jira. Can na ga matar da ke gefena tana duban aljihuna, shi ma yana duba. "Baba, wayarka ce fa." Na ce kiɗan ne ya yi mini daɗi. Suka yi dariya, na taya su.

A bas na yi ta tunani. Rabin rayuwata a masaƙa na yi ta, cikin rurin injuna, muna karanta leɓen juna muna ganin mu gwanaye ne. Ga ladan gwanintar.

Lahadi, 9 ga Maris

Inna ta yarda ta rataya, bayan ta ce a zamaninsu akuya ake sa wa ƙararrawa. Ta jujjuya abin a tafin hannu ta ce ya tuna mata zoben tatsuniyar da take yi mana muna yara, wanda ake murzawa aljani ya bayyana.

"To, kai ne aljanin, tsoho?" Haka take kirana tun da furfura ta kama ni.

Na ce ni ne.

"Allah ya sa aljanin ba mai barci ba ne."

Barci da sauƙi, Inna.

Talata, 11 ga Maris

Na sa wayar ta riƙa karkarwa, tana aljihun ƙirji. Wanka ma da ita nake shiga, a cikin leda. Na daina kishingiɗar rana. Ina buɗe taswira ina duba ɗigon, alhali mai ɗigon tana gabana tana taunar ɓawon lemo.

Alhamis, 13 ga Maris

An yi ruwa. Ban sani ba sai da na ga ƙasa a jiƙe.

Talata, 18 ga Maris

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Yawan duba ɗigon ya cinye batir. Na sa wayar a caji a kan taga, na ce ai ga ni ga ta, na zauna wankin zannuwan Inna na ba ta baya. Ashe Inna ta miƙa hannu ɗaukar buta ta zame daga gado, ta maƙale tsakanin gadon da bango. Ta danna. Ta kira da baki. Ta sake dannawa.

Ina shanya, har da fito nake yi, sai na ga Auta ta faɗo gidan, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Daga wancan gefen gari ta taso a tasi, ta riga ni isa ɗakin da ke bayana.

Mun ɗaga ta. Jikinta ya yi sanyi, kafaɗa ta gurje, ba komai ban da haka. Ba komai. Na rubuta shi sau biyu ko zuciyata za ta yarda.

Auta ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe akwati ta fara naɗe kayan Inna. Na ga leɓen Inna yana motsi, na matsa kusa.

"Mayar da kayan nan. In na tafi, wa zai ji masa ƙofa? Wa zai ce masa ruwa ya tafasa?"

Ashe ta sani. Tun yaushe, ban tambaya ba.

Laraba, 19 ga Maris

Auta ta tafi da na'urar shago ta dawo. Yanzu lambarta ce farko, ta maƙwabciyarmu mai ɗinki ta biyu, tawa ta uku. Na ce dama shawarar da nake shirin kawowa ke nan. Ta ce, "Na sani, Yaya," kusa da kunnena.

Aljani na uku. Ko a tatsuniya ban taɓa jin an kai kansa ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na biya asibitin kunne, hanya ce ta bi da ni. Suka rufa mini wasu faifai a kunne, suka ce in ɗaga hannu in na ji ƙara. Hannuna ya huta sosai.

Laraba, 2 ga Afrilu

An sa mini abin ƙara ji a kunnuwa biyu. Duniya ashe surutu gare ta. Firji yana gurnani, takalmina yana kuka, maƙwabciya tana waƙa a kan keken ɗinki, muryar kuwa sai haƙuri.

Inna kuma nishi take yi. Duk sa'ad da za ta tashi, duk sa'ad da za ta juya. Wani ɗan siririn sauti ta cikin haƙora, fuskarta ba ta nuna komai. In na shiga sai ta haɗiye shi ta ce, "Tsoho, ka ci abinci?" Na tsaya a bayan labule ina saurare har ƙafata ta gaji.

Da la'asar na kira Auta, gaisuwa kawai. Muryarta tar, har na ce ta rage ihu. Muka yi hirar jikoki. Na tambaye ta ko ɗakin nan na ƙasa rana tana shiga da safe, don Inna ba ta son sanyi. Sai na ce, kuma ko zai ci gado biyu.

Tambaya ce kawai.