Tsakiyar Alkyabbarki

Zuwa gare ki Benedita, sanyin idona, zumar farkon bazara, inuwar zaitun da raina ke fakewa idan rana ta take!

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi kogin Mondego tsawo. Daga ƙauyenmu nake rubuto miki, zaune kusa da amyoyina, ƙudan zuma na ta shawagi a kaina kamar su ma labarinki suke jira. Takarda na zaɓa, domin a waya kuka ba ya barinki ki ji ni har ƙarshe. Yau kuwa sai kin ji ni, ya farin watana!

Kin tuna ranar da na sauka birnin Coimbra domin bikin gama karatunki? Ga ni 'yar ƙauye, da takalmin gona da kwalbar zuma a hannu, gari kuwa ya ɗinke da ɗalibai cikin baƙaƙen alkyabbu, ana kiɗa, ana waƙa, ana tsalle a kan matakalu. A hawan nan mai zuwa jami'a na ga 'yan mata biyu rungume da juna, rana tsaka, a gaban tsoho mai sayar da jarida. Gabana ya faɗi saboda su. Shi kuwa tsohon cewa kawai ya yi, "Ku matsa gefe mana, 'yan mata, kun tare mini ciniki!" Na tsaya ina dariya, hawaye na zubo mini. Ni da na tashi a garin da kowace taga ke da mai leƙe, ashe akwai inda ƙauna irin tamu ba ta fi tare ƙofar shago laifi ba?

Sai na hango ki. Wayyo Benedita! Wace fure ce ta taɓa buɗewa kamar fuskarki a cikin baƙar alkyabbar nan? Wace raɓa ce ta kai idanunki haske? Na manta gajiyar jirgin ƙasa, na manta sunana.

Da aka zo yagar alkyabba, kowa ya san wurinsa: dangi su yaga gefen dama da haƙori, abokai gefen hagu, tsakiya kuwa ta masoyi ce shi kaɗai. Mahaifiyarki Dona Perpétua ta yi tata tana ƙorafin haƙoranta. Yayanki Hélder ya yi tasa. Ni kuma na nufi hagu, inda na saba tsayawa shekara da shekaru da sunan ƙawa. Sai kika damƙe hannuna. Kika ce, "Ba nan ne wurinki ba, Iolanda." Kika juya alkyabbar, kika miƙo mini tsakiya. Sai Hélder ya ce, "Haba, sai yau? Ai ni na daɗe da sani. Iolanda, ciza mu tafi, yunwa muke ji!" Na ciza. Abokan karatunki suka ɓarke da shewa har tattabarun hasumiyar jami'a suka tashi.

Na san abin da ya biyo baya shi ke cin ranki. Mamarki ta juya fuska wajen kogi, ba ta taɓa abinci ba, ta hau mota ba sallama. Tun daga ranar ba ta kira ki ba, ke kuma kina ta ce mini ko mun yi gaggawa, ko kin karya mata zuciya. A'a, abar ƙaunata, ba mu yi gaggawa ba! Inabin da ya nuna, har yaushe za a bar shi a reshe don tsoron maƙwabta? Abin da kika yi ranar nan shi ne mafi kyawun abin da idona ya taɓa gani, kuma ba zan yarda ki kira shi kuskure ba.

To, share hawayenki ki karanta wannan. Jiya da safe ina cikin amyoyi sai ga Dona Perpétua ta hawo tudu da sandarta, tana haki. Ba ta gaishe ni ba. Ta daɗe tana kallon ƙudan zuma, sannan ta ce, "Ke 'yar Matilde, kin iya girki kuwa?" Na ce na iya, Dona Perpétua. Ta ce, "Ƙarya kike, uwarki ma ba ta iya ba. Ki zo gida ran Lahadi in koya miki miyar kabejin da 'yata take so. Ba ki ga yadda ta rame a birnin can ba? Duk ƙashin wuya!" Ta juya ta gangara abinta.

Ba zan yaudare ki in ce komai ya wuce ba. Ko sau ɗaya ba ta kalli idona ba, kuma na ga leɓenta na motsi da addu'a tana tafiya. Amma da ƙafarta ta hawo tudun nan, Benedita, da ciwon gwiwarta! Ki kira ta. Kada ki ba ta haƙuri a kanmu. Ki tambaye ta gwiwa, ki bar ta ta yi miki faɗan rama.

Ni kuwa da zarar na gama ɗiban zuma ina nan tafe, kuma ba da jakar baƙuwa ba. Tunda kin sami aiki a kantin magani a can, ni ma na fara neman fili a tuddan bayan gari inda zan kafa amyoyina. Zan raka ki aiki da safe hannuna cikin naki, in taro ki da yamma, wanda zai kalla ya kalla. Kewarki ta hana ni sakat, ya ruwan sanyina, amma tsoro kam ya fita daga jikina, kuma ba zai dawo ba.

Ran Lahadi zan tafi gidanku da wuri, da sabuwar tukunya.

Taki ce ni a gaban jama'a, taki ce a bayan idonsu, har ranar da numfashina zai ƙare,

Iolanda