Rigar da Kika Warware Mini

Zuwa ga mai ɗakina, 'Yar Malumfashi.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Ni dai ina nan, ƙafa ta yi nauyi, amma hannuwana biyu suna nan. Maganarsu ce ta sa na ce a rubuta miki.

Kin tuna bayan samun 'yancin kai da kaɗan, da na ɗaura dutsen washi a jikin injin niƙa a Funtuwa? Manoma har daga Mahuta suke kawo adda da lauje da bakin garma.

Bitrus, bakaniken gidan gurzar auduga, shi ya koya mini. Ya ce in ƙwanƙwasa dutsen kafin a tada inji, in ya yi ƙarar tsagaggiyar tukunya in sauke shi. In tsaya gefe har ya ɗauki gudu. Kada in danne ƙarfe, in riƙa tsoma shi a ruwa kafin ya yi shuɗi. Duk na bi. Da ya ce in tuɓe riga kada bel ɗin inji ya kama ta ne muka ɓata. Ni, magidanci, tsirara a bakin kasuwa? Har yau ban ga laifina ba.

Ke ma kullum maganarki ɗaya: "Malam, bel bai san dattijo ba." Na ƙi. Sai kika warware ɗinkin rigata a ɓoye, kika maida shi da ruɓaɓɓen zare.

Ran nan ina wasa laujen wani, bel ya cafke hannun rigar. Na ji an fizge ni, sai kyaaat, riga ta bi inji, ni na zauna a ƙasa daga ni sai wando. Kasuwa ta kwashe da dariya. Mutanen da na gyara musu adda! Ban yafe musu ba. Telan da ya ɗinka rigar ma wata guda ina zaginsa, kina jina, kina ta tankaɗenki. Sai bayan rasuwarki ƙanwarki ta gaya mini.

Rigar Sallata ce fa, da kin zaɓi wata. Amma na gode, Hauwa. Ban taɓa kiran sunanki ba sai yau.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Da hannun da kika tsirar nake roƙa miki.

Mijinki,
Ɗanjuma Mai Washi.