Inna, Na Goya Mai Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma shekara uku ke nan ina tara magana, ban sami wanda zan sauke wa ba.

Kin tafi ina da ƙaramin ciki. Mace na haifa, aka sa mata sunanki. Ummi muke kiranta, don bakina ba zai iya kama sunan ba.

Tana wata huɗu, na sunkuya da ita a baya zan ɗauki bahon wanki, sai wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har yatsan ƙafa. A durƙushe Maman Ngozi ta same ni, maƙwabciyarmu mai shagon atamfa nan unguwar Nassarawa a Birnin Kebbi. Ita ta kwance yarinyar. Daga ranar goyo ya gagare ni.

Na yi abin da na tashi na ga kina yi. Ba ke kike cewa, "Macce ba ta kai ƙarar baya, ɗamre shi takai" ba? Na tamke ƙugu da tsohon zane, na kwanta. Goggo Mairo ta zo daga Argungu da man shafawa, wanzami ya yi mini ƙaho, duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce kada in kuskura in motsa. Wata bakwai ina kwance, keken ɗinkina har ya yi tsatsa.

Ciwon yana da zafi, Inna, amma bai kai ganin Ummi a bayan mutane ba. Yau Goggo, gobe Maman Ngozi, jibi duk wadda ta shigo. Ina kwance ina kishin bayan kowace mace a unguwar, ina lissafin cewa goyo yana da lokaci, kuma lokacin ba ya jiran mai jinya. Ni da na san muryarki ta bayanki tun kafin in san ta ta gaba. Har yau in na ji ƙamshin shinkafa ana turara ta, sai in ji kamar kuncina na manne a kafaɗarki, kina tafiya bakin fadama kina mita da rana.

Maman Ngozi ce ta gaji da ganina, ta sa mijina ya kai ni sashen gashin ƙashi a asibiti. Likitar, wata siririyar mata mai faɗa, abin da ta fara yi shi ne warware ɗamarata. Ta ce kwanciya da ɗauri sun sa naman bayan ya saki, sai an sake koya masa aiki. Na ji haushi sosai, kamar ke ta zaga.

A hanyar gida haushin ya koma kuka. Na tuna lokacin da naki bayan ya matsa miki, muka ƙwace tukunyar gumin shinkafa, muka ɓoye taɓarya, muka ce ki huta kin yi mai wuyar. Kika yi ta roƙo mu bar ki ko shanya ce ki yi, muka ƙi, a ganinmu ladabi ne. Ban ce mu muka rage miki kwana ba, wannan na Allah ne. Amma shekarunki biyu na ƙarshe a kan tabarma, da hannunmu a ciki. Ki yafe mana.

Da kin ga aikin da aka ba ni, da kin yi dariya har ki share hawaye. In kwanta rigingine in jawo gwiwa zuwa ƙirji, in ɗaga ƙugu, in dafa ƙasa da hannu da gwiwa ina lanƙwasa baya. Uwa da ɗiya muna rarrafe a tabarma ɗaya, kuma ta riga ni miƙewa. Sau biyu ina jin sauƙi in yi gaggawar komawa keke, ciwon ya dawo ya mayar da ni farko. Duk zuwa sai na tambayi likitar batun goyo, ta ce saura. Har aka yaye Ummi tana cewa saura.

Makon jiya ta ce in gwada, kaɗan, kuma in durƙusa, ban da sunkuyo. Ban yarda na yi a Birnin Kebbi ba. Na bari sai ranar Juma'a da muka je Argungu, a tsakar gidanki.

Na durƙusa na ba Ummi baya, na ce ta zo ta hau. Sai ta zagayo gabana ta tsaya tana kallona. Na sake juya mata baya, ta sake zagayowa. Ashe ita dai ta san bayan kowa na hawa ne, ban da na uwarta. Goggo ce ta ɗaga ta ta ɗora mini, tana goge ido da gefen mayafi.

Ta yi nauyi, Inna. Ƙafafunta sun zarce zanen, suna dukan cinyata. Na miƙe a hankali, na taka daga bakin ɗakinki zuwa rijiya, na dawo. Da Goggo ta miƙo hannu za ta sauke ta, yarinyar ta ƙanƙame wuyana ta ƙi. A nan na juya in nuna miki, kamar yadda na saba in na yi abin kirki. Ƙofarki a rufe take.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya biya ki kowane taki da kika yi da ni a bayanki. Ya haɗa mu inda babu ciwo.

Ɗiyarki mai kewarki,
Balkisu